Zanen da Na Baro a Gulbin Kaba

Ana sallame sallar asuba muka ja ƙofa muka kama hanyar tasha, ni da yayata da ɗiyata Uwani, wadda ke barci a kafaɗata. Tasawa ba ta gama farkawa ba. Masu shayi ne ke hura wuta, sai wata tsohuwa da ta ɗora kaskon ƙosai a bakin kwalta. Yaya na gaba da ƙullin kayan yarinyar a ka, ni ina baya da jakata, ina jan ƙafa kamar mai fatan ya tarar mota ta tashi.

Da yawanku kun yi mini ta'aziyya a nan shafin lokacin da Allah ya karɓi ran maiɗakina, bayan sallar layya. Na gode, Allah shi bar zumunci. Wasu kuma sun tambaya ina na shige kwanakin baya, ba hoton ɗinki ba gaisuwa. Ga inda na je.

Marigayiya ta bar mini Uwani ba ta kai yaye ba. Mahaifiyata ta daɗe da rasuwa, don haka yayata ce ta baro gidanta a Kona ta zauna da mu duk damina. Yanzu kaka ta yi, mijinta ya yi haƙuri iyakar haƙuri. Ni kuwa tela ne, a shago nake wuni, kuma ba a renon ɗiya tsakanin almakashi da dutsen guga. Manya suka zauna suka yanke abin da aka saba: yarinya ta koma hannun kakarta ta wajen uwa. Kakar tata Bafulatana ce, suna zaune a ruga arewa da Kanan-Bakashe. Bakina ya ce to. Zuciyata ba ta ce ba.

Gara in faɗi abin da nake tsoro tun yanzu. Akwai nisan likita, akwai ruwan rijiya, akwai kunama. Amma babban tsoron ba su ba ne. Lokacin rasuwa surukata ta zo ta zauna a kan tabarma har aka watse, ban ga hawaye a idonta ba, ban ji ta ambaci ɗiyarta ba ko da a kaikaice. Na san marigayiya ƴar fari ce, na san kunyar ɗan fari, mu ma muna da ita. Sai dai na ɗauka mutuwa tana ɗage kunya. Tun ranar nake tambayar kaina: matar da ba ta yi kukan ɗiyarta ba, za ta tashi don kukan jika?

A ƙasan jakata akwai zanen goyon marigayiya, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, ni na kalmashe mata bakinsa a kekena. Da aka raba kayanta, shi kaɗai na riƙe. In Uwani ta ƙi barci sai in tura ƙofa in goya ta da shi, in yi ta zagaya ɗaki. Yaya ta sha kama ni. Ta ce in abokan shagona suka gan ni, sai na bar gari. Ta so ta wanke shi, na hana. Na ɗinka wa Uwani sabon zane na sa a ƙullinta, tsohon kuwa na ƙudurta da shi zan dawo. In za a karɓe mini ɗiya, a bar mini zane.

A tasha muka tarar da ƙaramar bas mai zuwa Mayahi, da mutum huɗu a ciki da buhunan gishiri a sama. Direba ya ce yanzu za a tashi. Duk wanda ya san tasha ya san tsawon yanzu. Na sha shayi da burodi, Yaya ta sayi ƙosai, rana ta fito ta yi gora, sannan aka cika. Kuɗin mota zuwa Kanan-Bakashe jika guda ne kowane mutum, wato sefa dubu, direba ya ce esansi, man mota, shi ne ya yi tsada. Ya nemi dala arba'in na ƙulli, Yaya ta ɗora ƙullin a cinyarta ta ce ai ɗanta ne, ba a biya wa ɗan goye. Mutane suka yi dariya, ya ƙyale ta.

Muna fita gari hanya ta miƙe yamma maso arewa, gonaki dama da hagu. An gama yankan hatsi, dammuna na jingine a kan itace suna jiran amalanke, mata na tsince wake a sunkuye. Na daɗe ban fita daji a wannan lokaci ba. Aurenmu da rani aka yi, zuwana gaisuwa ma da rani ne, don haka a kaina ƙasar surukaina rairayi ne fari fat. Ashe tana da wata fuska. Abin da ya fi jan idona gawo ne. Sauran itatuwa suna shirin zubar da ganye, shi kuwa yanzu yake fitar da sabo, kore shar. Wani dattijo mai sayar da igiya da ke kusa da ni ya ce haka halinsa yake, da damina yana tsirara don kada ya tare wa hatsi rana, in an girbe sai ya sa riga. Ya ce lokacin ƙuruciyarsa in ka tsaya a nan kana hango mutum daga nesa, don an sare komai. Yanzu manomi in ya ga toho a gonarsa ba ya tumɓukewa, sai ya rage masa rassa ya bar shi ya tashi. Na duba, gaskiyarsa, kowace gona da ƴan itatuwanta, manya da ƙanana.

Uwani ta farka a shingen jandarma, ta ga baƙin fuskoki ta cusa kai a rigata. Wata mata a bayanmu ta leƙo ta ce, "Malam, ina uwar yarinyar, aka bar ka da reno?"

Yaya ce ta amsa. Ta ce, "Ta riga mu."

Mutanen motar suka juyo. Can kowa ya ce Allah shi jiƙan ta. Matar ta kwance bakin mayafinta ta miƙo dabino, ta riƙe ƙafar Uwani tana murzawa a hankali har muka iso.

Kafin Kanan-Bakashe ƙasa ta fara gangarawa, goriba ta fara yawa. Nan ne Gulbin Kaba. Sunansa gulbi, amma ban ga ruwan da zai jiƙa tafin ƙafa ba. Mai igiya ya ce ruwan na ƙasa, goriba ce ta san inda yake. Ban taɓa lura ba sai ranar, goriba tana raba kai biyu, kowane ya sake rabuwa biyu, ba kamar giginya ba da ke miƙewa ita kaɗai. A ƙarƙashinta ƙananan kaba sun rufe ƙasa, mata na yanka suna ɗaurewa.

Mun dace da ranar kasuwa, don da gangan aka zaɓe ta. Rabin kasuwar kaba ce: tabarmi nannaɗe kamar bandir ɗin yadi, igiya, faifai, kwanduna, ragar ɗaukar kaya. Ni da aikina haɗa abu da abu ne, na tsaya na juya wata tabarma ina neman inda aka haɗa saƙar, da ƙyar na gano. Mai ita ta ce in ba saye zan yi ba in bar lalube. Na saya, don ta fi ni gaskiya. Tiyar hatsi ta fi ta Tasawa sauƙi da kaɗan, atamfa kuwa ta fi tsada, kuma ɗinkin da na gani a jikin mutane ya nuna mini telolin wajen suna sauri. Mun ci awara ta dala ashirin mai yaji sosai, Uwani ta samu goriba tana gwagwiya da haƙoranta ƴan kaɗan.

A kasuwar dabbobi muka sami ƙanen marigayiya, wanda ya zo tarbarmu da amalanken shanu. Magidanci ne da ƴaƴansa, amma tsakanina da shi wasa ne tun ranar aure. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Tela, kai ne ka koma allurar?"

Na ce, "Kai kuma har yau wandon da na ɗinka maka ne a jikinka?"

Ya ce, "Bai yage ba. Shi ya sa na yarda na bar maka yayata."

Maganar ta fita kafin ya tuna. Ya sunkuya ya hau gyaran igiyar sa, wadda ba abin da ya same ta. Na ɗora masa tabarma na ce mu tafi.

Daga nan babu hanyar mota, sai sawun amalanke a rairayi. Sa yana tafiya yadda ya ga dama, ƙafafun amalanke na nutsewa suna fitowa, ƙashin bayan mutum na ƙirga kowane rami. Na yi ta tambayar ƙanen marigayiya kamar ɗan lakwal a gaban malami. Ina likita? Ya nuna mini wani gini mai farin fenti a ƙauyen da muka ratsa, da farantin hasken rana a rufinsa, ya ce nan ake yi wa yaransu rigakafi, in abu ya fi ƙarfinsu a tura mutum Kanan-Bakashe. Ana samun rezo, in mutum zai buga waya? Ya nuna wani tudu mai aduwa guda a kansa ya ce ga ofishin salularsu can, kowa ya hau ya yi magana da duniya. Ruwa fa? Sai ga mu a rijiya. Rijiyar siminti ce, ba a ja da hannu. Ana ɗaura igiyar guga a jikin sa, a kora shi ya yi ta tafiya har gugan ya iso baki. Hanyar da shanun suka tattake ita ke gaya maka zurfinta, kuma hanyar doguwa ce. Na sauka na sha. Ruwan na da sanyi, ba ɗanɗanon komai. Na so in same shi da laifi ban samu ba.

Bayan azahar muka isa. Ba rugar da na sani da rani ba ce. Garke ya dawo daga arewa, shanu sun bazu a gonakin da aka girbe suna cin kara. Manoman ne ke kiransu, shanu su kwana a gona su bar taki, mai gona ya ba da hatsi. A nan na ji wani abu da ban taɓa tambaya ba duk zamanmu da marigayiya: tsofaffi ba sa bin garke arewa. Samari ke tafiya, Inna da Baffa, wato surukaina, suna nan kusa da rijiya rani da damina. Ni kuwa na kwana nawa ina ganin ɗiyata a kan jaki ana nausawa da ita inda ban sani ba.

Na tuɓe takalmi daga nesa na durƙusa. Baffa ya amsa gaisuwa a hankali, kamar yadda ya saba, kowace kalma da hutunta. Inna ta juya gefe ta ja mayafi, ta gaishe ni ta bakin Yaya: ya hanya, ya haƙuri, ya mutanen gari. Muryarta ba ta rawa. Aka kawo fura da nono a ƙwarya, mai kauri, irin wadda ludayi ke tsayawa a ciki. Ƙoren Inna na jere a kan gado na itace, manya a ƙasa ƙanana a sama, kowace an goge ta tana ƙyalli.

Sai Yaya ta ɗauki Uwani ta miƙa wa kakarta. Yarinyar ta sandare, ta tsala kuka, ta ture hannun tsohuwar ta rarrafo ta kama wuyana. Aka sake gwadawa da nono a ƙoƙo, ta kaɓar. Matan gidan suka yi ta mata waƙa da Fulatanci, ta ƙi ko kallonsu. Inna ta share nonon da ya zube a zanenta ta tashi ta koma aikinta. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Na ce a raina, kowa ya gani da idonsa, gobe sai in ɗauki ɗiyata mu koma, ba wanda zai ce na ƙi maganar manya. Yadda zan yi da ita a shago kuwa, ban kai tunanina can ba.

Da la'asar sakaliya na bi Baffa wurin tatsa, don zama cikin mata ya ishe ni. Maruƙa na ɗaure a jere a doguwar igiya. Ana sakin ɗaya ya ruga wurin uwarsa ya tsotsa kaɗan, in ta saki nono sai a janye shi a sa ƙwarya. Ina cikin kallo na ga wani maraƙi da ya bambanta. Shi ja ne, amma an ɗaura masa wata fata baƙa a baya, kamar an sa masa riga da ba tasa ba. Fatar ta bushe, kuma tana wari. A matsayina na tela, ɗinkin bai burge ni ba. Na tambayi Baffa ko magani ne.

Ya ce, "Uwarsa ta faɗi a hanyar dawowa. Waccan baƙar kuma ɗanta ya mutu. Fatar ɗanta ce."

Aka saki maraƙin ya nufi baƙar saniya. Ta juyo da ƙaho kamar za ta kai masa, sai ta tsaya. Ta sa hanci a fatar ta daɗe tana shaƙa, ta fara lasa. Maraƙin ya zagaya ya kama nono.

Na ce, "Baffa, ba ta gane ba nata ba ne?"

Ya ce, "Ta sani. Saniya ba wawiya ba ce. Ƙanshin dai ke sa ta tsaya. In ta tsaya, sauran na Allah ne."

Na ce ashe dabara ce ta ceton maraƙi.

Ya ce, "Su biyu ake ceta. Shi yunwa ce za ta kashe shi. Ita kuma nono ya cika yana mata ciwo. Wata in ɗanta ya mutu sai ta yi ta kuka, duk ruga a sani. Wannan ba ta kuka. Tana kiwo kamar kowa. Sai da yamma ka gan ta ta ware tana kallon hanya."

Na tambaya yaushe ake cire fatar. Ya ce ba su ke sa rana ba. Ran da ta bar lasar fata ta koma lasar kansa, an gama.

Ban sani ba ko da ni yake. Bai dube ni ba, idonsa na kan ƙwarya. Na tsaya har aka gama tatsa, ina jin jakata a raina kamar tana rataye a kafaɗata, alhali tana can cikin bukka.

Mun ci tuwon hatsi da miyar kuka da man shanu. Uwani ta kwana a jikina, barci rabi kuka rabi. Da gari ya waye na yi salla na daɗe a zaune. Ban roƙi Allah ya nuna mini wata alama ba, na ga kamar an riga an nuna. Ƙarfin hannu na roƙa. Na buɗe jaka na ciro zanen na kira Yaya na ce ta kai wa Inna.

Ta dubi zanen ta dube ni. Ta ce, "Ka tabbata?"

Na ce, "Yaya, in kika ƙara tambaya zan fasa."

Jim kaɗan na zagaya baya don in ɗauko butar da na bari. Akwai zana da ta raba wajen maza da na mata, kuma ta tsufa, ana hangen ciki ta tsakanin ciyawa. Ban yi niyyar leƙe ba. Inna na tsugune bayan bukkarta ita kaɗai, ta cusa fuskarta duka a cikin zanen, ta riƙe shi da hannu biyu. Kafaɗunta na rawa. Ko sauti babu. Na koma da baya a kan yatsun ƙafa, na bar butar a inda take. Abin da ta ɓoye wa duniya tun rasuwa, ba ni ya kamata in gani ba, kuma da ta san na gani da kunya ta hana ta sake amsa gaisuwata.

Da ta fito idonta a bushe yake kamar kullum. Ba ta nufi Uwani ba, ba ta kira ta ba. Ta zauna a kan tabarma ta shimfiɗa zanen a cinyarta, ta jawo ƙwarya ta ci gaba da dama fura. Uwani na kan ƙafata. Ta hango shuɗin atamfar, ta zame ta sauka. Ta yi taku kaɗan ta tsaya ta waiwayo ni. Na dubi ƙasa. Ta ƙarasa ta kama bakin zanen ta ja, Inna ba ta saki ba, ba ta kuma hana ba. Ta sa shi a baki, ta shafa shi a kumatu. Can sai ta zagaya bayan tsohuwar ta kwantar da ƙirjinta, ta ɗaga hannuwa, yadda take yi mini in tana son goyo. Inna ta ajiye ludayi ta sunkuya ta yafa zanen ta ɗaure. Ɗaurin nata irin na marigayiya ne, ƙulli a gefen hagu. Ban taɓa tunanin inda ta koyo shi ba.

Yaya ta matso ta ce da ni ƙasa-ƙasa, "Yanzu ne. Tashi."

Na ce bari in yi mata sallama.

Ta ce, "Ba a sallama da ɗan yaye, ka sani. In ta ga bayanka, aikin ya koma farko."

Wannan ya fi ba da zanen wuya. Uwarta ma haka ta tafi, da safe aka kai ta likita tana cewa a sauke mata tukunya, ba ta dawo ba. Na yi wa kaina alkawari ni ba zan ɓace wa yarinyar nan haka ba. Amma na duba na ga sallamar don ni ce, ba don ita ba. Na tashi na bi bayan bukkoki.

Baffa ya raka ni har wurin amalanke, sandarsa a gicciye a kafaɗa. Ya ce, "Na san kana tsoro. A dajin nan uwarta ta girma, da kunamar da rijiyar, ba abin da ya same ta. A gari ta rasu, kusa da likita, idonka a kanta. Ba ni na raya ta ba, ba kai ka kasa ba. Riƙo aka ba mu, ni da kai." Ya ce in sabon wata ya kama in zo ranar kasuwa, lokacin ta zauna, ganina ba zai tayar da ita ba. Ya miƙo mini kwalbar man shanu ya ce saƙon Inna ne.

Da muka hau tudun salula na waiwaya. Can ƙasa wata mata na tafiya wajen rijiya da tulu a ka da goyo a baya, shuɗin zane na motsi tsakanin karan hatsi. Tafiyar tata na san ta, irin ta marigayiya ce. Ƙanen marigayiya ya ga inda nake kallo, ya daka wa sa tsawa ba laifin komai, muka gangara.

Dawowa ba kasuwa, don haka mun daɗe a bakin hanya a Kanan-Bakashe kafin wata mota ta zo daga Mayahi, cike da buhunan wake da raguna biyu a sama. Taya ta fashe mana a tsakiyar hanya, muka sauka muka zauna a inuwar gawo, direba na faɗa da jak. Hannuwana sun rasa abin yi. Na yi ta gyara zaman jakar a cinyata, ta yi mini sauƙi da yawa. A tashar Tasawa Yaya ta sami motar Kona. Kafin ta shiga ta ce in riƙa cin abinci, kada in koma allura da gaske. Na ce mata na gode. Ta ce, "Rufe mini baki," ta ja mayafi ta rufe fuska.

Na isa gida kafin magariba. Na buɗe ɗaki na tarar da takalmin Uwani ɗaya a ƙarƙashin gado, ƙafar hagu. Na ɗora shi a kan keken ɗinki, zan kai mata in wata ya kama.

Abin da na koyo a tafiyar nan ba shi da yawa. Da na ɗauka dogara ga Allah ita ce tsoro ya fita daga zuciyar mutum. Nawa bai fita ba, da shi na je, da shi na dawo, har yanzu in na ji kukan yaro a unguwa sai na ɗaga ƙafa daga keke. Abin da na gane shi ne mutum na iya buɗe hannunsa yana cikin tsoron. Na kuma gane ba ni kaɗai aka yi wa rashi ba, ni ne dai na fi kowa jin nawa. Wanda duk ke gaban irin wannan, ya je ya gani da idonsa, ya yi tambaya, kada ya auna zuciyar mutum da hawayensa.

Jiya da hantsi salulata ta yi ƙara, ƙanen marigayiya ne daga kan tudu, iska na kaɗa maganarsa. Ya ce Uwani ta yi kukan nemana ranar farko, yanzu tana shan nono, tana bin ƴan raguna da kara, ta fara amsa kira da Fulatanci. Ya ce, "Tela, abu ɗaya ne ya dame mu. Zanen nan ya yi dauɗa. Matata ta ɗauka za ta kai rijiya, Inna ta karɓe. Ta ce kada wanda ya sa masa ruwa."

Na yi dariya, karo na farko tun sallar layya da dariya ta zo mini ba na neme ta ba. Na ce masa ku bar shi. Ran da ya kamata a wanke, su biyun za su sani.